Ƙugiyar Tambaya ta Huɗu

Sashen harsuna yana hawa na biyu, kuma duk wanda ya hau matattakalar, kafin ya kai ƙofar kowane malami sai ya fara wuce wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, wanda asalinsa don ajiye tsintsiya da bokiti aka gina shi. A nan Ƙugiya ya yi shekara talatin da bakwai. Yana da sunan da iyayensa suka raɗa masa kamar kowa, amma in ka neme shi da wannan sunan, ko shugaban sashe sai ya tsaya tunani. Shi ne mai buga takardun sashen. Ya zo yana saurayi ɗan siriri, da takardar shaidar makarantar koyon tafireta a cikin ambulan, da riga ɗaya ta kirki wadda yake wankewa ranar hutu.

Sunan kuwa daga aikin ya samo shi. Tafiretar da aka ba shi an ƙera ta ne a inda ba a san ƙ da ɗ da ɓ ba, saboda haka duk abin da ya buga da Hausa a gundule yake fitowa. In ya gama buga shafi a kan sitansil, wato takardar kakin nan da ake ɗaurawa a injin gurza kwafi, sai ya manna ta a gilashin taga don haske ya ratsa ta, ya ɗauki wani alƙalami mai bakin ƙarfe, ya bi layi-layi yana yi wa kowane baƙi ƙugiyarsa da hannu. Shafi ɗaya kan ci ƙugiya sittin ko fiye. In hannu ya goce, sai ya shafa wani jan ruwa mai warin man farce, ya hura, ya jira ya bushe, ya sake. Ɗalibai masu wucewa kullum a tsaye suke ganinsa jikin taga, hanci kusa da gilashi, kamar mai cire ƙaya. Su suka laƙaba masa sunan, shi kuma ya karɓa da hannu biyu.

Ba ƙaramin ji da aikin yake yi ba, kuma yana da gaskiya. Malamai su ne masu digiri, amma rubutun hannun yawancinsu sai ka rantse kaji ne suka yi faɗa a kan takardar, kuma in suna sauri ba ruwansu da wata ƙugiya. Shi zai karanta jimlar ya gane ko ƙasa ake nufi ko kasa, ko kafa gwamnati za a yi ko karya mata ƙafa. Yakan ce wa matarsa, rabin ilimin sashen nan a bakin alƙalaminsa yake rataye. Ita kuma ta yi dariya ta ce to Farfesa, a sauko a ci abinci. Tana kiransa Ƙugiyata in tana cikin raha, har yara suka tashi suna jin haka.

A cikin malaman akwai wanda ɗalibai ke kira Malam Wato, saboda ba ya iya fara magana sai da wannan kalmar. Dogo ne, mai ɗan doro, aljihun rigarsa kullum da farin alli. Ba ɗan ƙasar ba ne. Daga wata ƙasa ya zo a kan kwantiragi da ake sabuntawa duk shekara biyu, da matarsa da 'yarsu ƙarama, ko da yake Hausa a bakinsa ta fi ta wasu masu takardar ɗan ƙasa nesa ba kusa ba. Shi ke koyar da darasin da ake kira Harshe, Al'umma da Siyasa, wanda ya zama dole ga 'yan aji uku. Ɗalibai kan shigo suna gunaguni, wai su nahawu da fassara suka zo koya, ina ruwansu da siyasa. Shi kuwa yakan ce musu gobe su ne za su fassara jawabin masu mulki a rediyo, su ne za su tsaya tsakanin alƙali da wanda ake tuhuma, kuma wanda bai san wa ke tsoron wa ba, kalmomi zai kwashe ya bar maganar a ƙasa.

Ƙugiya bai taɓa zama a ajin ba, amma ya fi kowane ɗalibi sanin darasin, tunda shi ke buga takardun lacca kowace shekara. A nan ya koyi dalilin da ya sa sanarwar da ake yi wa talaka take zuwa da umarni, wasiƙar da ake rubuta wa babba kuma take zuwa a durƙushe. A nan ya gane abin da ya sa in za a ƙara wa mutane wahala sai a ce gyara za a yi. Malam Wato kaɗai ne a cikin malamai yake shiga ɗan ɗakin nan ya zauna a kan kwalin takardu, gwiwoyinsa na dungurar tebur, ya tambaye shi wace kalma ta fi zama daidai a wuri kaza. Abokin aiki yake ce masa. Ranar da ya fara faɗar haka, Ƙugiya ya koma gida yana murmushi shi kaɗai a hanya, har matarsa ta tambaye shi ko tsintuwa ya yi.

A shekararsa ta tara a sashen, gari ya ɗau zafi. Gwamnatin lokacin ta ba da sanarwa cewa duk baƙon da takardunsa ba su cika ba ya tattara ya bar ƙasa, kuma duk inda ka juya maganar ke nan. Rediyo baƙi, jarida baƙi, motar haya baƙi. Ana cikin haka lokacin jarrabawa ya zo. Aka kulle Ƙugiya a ɗakinsa kamar yadda aka saba, da tambayoyin darussa goma sha ɗaya da za a buga cikin kwana biyu. Malam Wato ya kawo nasa a rubuce da hannu. Tambaya ta huɗu ita ce wadda yake yawan yi: a tattauna 'yancin baki a ƙasa mai harsuna da yawa. 'Yancin faɗar albarkacin baki yake nufi, shi ne dai yake taƙaita shi haka a aji, kuma shekara da shekaru ba wanda ya taɓa ɗaga ido a kai.

Ƙugiya ya buga daidai. Sai da ya manna sitansil a taga, idonsa ya yi ja don gajiya, hannunsa na tafiya shi kaɗai, sannan ya iso kalmar. Bai tsaya karanta jimlar ba. Kalmar da ya yi wata guda yana ji safe da yamma ita hannun ya sani, sai ya ɗora wa k ɗin ƙugiya ya wuce. Washegari ɗalibai casa'in suka buɗe takarda suka tarar malaminsu, wanda kowa ya san baƙo ne, yana neman su tattauna 'yancin baƙi.

Ana tsakiyar jarrabawar Malam Wato ya hau matattakala da takardar a hannunsa. Ya shiga ɗan ɗakin, ya ja ƙofa, ya ɗora yatsa a kan kalmar. Ƙugiya ya duba, ya ga ƙugiyar da hannunsa ya ɗora.

"Wato, abokin aiki, yau hannunka ya riga idonka," in ji Malam.

Bai ɗaga murya ba. Har ɗan murmushi ya yi, ya ce kada ya damu, tambaya ce dai, yara za su rubuta abin da suka sani a wuce wurin.

Ba a wuce wurin ba. Wani ɗalibi ya kai takardar gida, mahaifinsa kuma mai faɗa a ji ne, kafin mako ya zagayo ta fito a jarida da babban kanu, wai wani baƙo na amfani da jarrabawa yana tunzura matasa. Mutanen jami'a kuwa, Allah ya bar mu da su, in tsoro ya kama su ba abin da suka iya kamar kafa kwamiti. Aka zauna a ɗakin taro mai dogon tebur, mutum biyar a gefe guda, da wani baƙon ido a ƙarshen tebur wanda ba a gabatar da shi ba. Aka kira Ƙugiya. Shugaban sashe ya tambaye shi ina takardar da Malam ya rubuta da hannunsa.

Takardar tana cikin aljihun teburinsa, ƙarƙashin kwalin kabon. Da ya ɗauko ta, da magana ta ƙare a wurin, domin kalmar tana nan tsirara ba ƙugiya. Amma tun a bakin ƙofa wani masinja ya raɗa masa cewa wanda duk aka samu ya taɓa takardar jarrabawa a irin wannan lokaci, ba kora kaɗai ce ke jiransa ba, mutumin can na ƙarshen tebur ba shan iska ya kawo shi ba. Ƙugiya ya tuna da 'ya'ya huɗu da na biyar a ciki. Ya ce ya ƙona ta, kamar yadda doka ta ce a yi da irin waɗannan takardu. Aka tambaye shi ko abin da ya buga shi ne abin da aka ba shi. Ya sunkuyar da kai ya ce shi dai abin da ya gani yake bugawa.

Malam Wato na zaune a kujerar da ke kusa da bango. Ya dubi Ƙugiya, duba mai ɗan tsawo, sannan ya juya ga kwamitin.

"Wato, tambayata ce," ya ce. "Ku daina wahalar da mai buga takarda."

Mako guda aka ba shi ya bar ƙasar. Aka soke darasin daga tsarin karatu, aka ce ba shi da alaƙa da koyon harshe. Ranar da Malam ya zo kwashe littattafansa, Ƙugiya ya shige ma'ajiyar takardu da ke ƙarshen baranda ya ja ƙofa, ya tsaya tsakanin ɗaurin tsofaffin fayiloli. Yana ji Malam ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗan ɗakinsa sau biyu, ya tambayi mai shara ko ta gan shi, ya ɗan jira, sannan takunsa ya sauka matattakala. Wannan ɓuyan ya fi ƙaryar yi masa ciwo daga baya, domin ƙaryar tsoro ya sa shi, ɓuyan kuwa ba abin da ya sa shi sai kunya.

Mutum ɗaya ya gaya wa, matarsa. Tana tsinke zaren wata rigar yara ya faɗa mata, ta ajiye almakashi ta ce ya tashi ya je ya nuna musu takardar tun mota ba ta tashi ba. Ya ce da me za su ci da yaran. Ta ce shi ma Malam ai 'ya gare shi. Ya daka mata tsawa, abin da bai taɓa yi ba, ita kuma ta ɗauki almakashinta ta ci gaba da aiki. Ba ta sake tayar da maganar ba, ba ta kuma canja masa fuska ba, abinci a kan lokaci, wanki a kan lokaci. Sai dai tun daga ranar ba ta ƙara ce masa Ƙugiyata ba. Baban yara ya koma, kuma ya fi kowa sanin dalili.

Shekaru suka yi ta tafiya yadda suka saba. Gwamnatin ta tafi, wata ta zo, ita ma ta tafi. Yara suka girma, biyu suka yi karatu a jami'ar nan, autar ta zama ma'aikaciyar jinya. Ƙugiya ya zama mutumin da ba a taɓa kama shi da kuskure ba, yana bin kowane shafi sau uku har malamai na ƙorafin ya cika nawa. Sannan kwamfuta ta zo, aka ce yanzu maɓalli ɗaya za ka danna ƙugiya ta fito da kanta, ko da yake yaran zamani ko dannawar ma ƙyuya suke yi. Aka kwashe tafireta da injin gurzawa aka kai ma'ajiya, shi kuma aka bar masa hoton takardu da raba wasiƙu. Takardar Malam kuwa Ƙugiya ya kai ta gida, ya sa ta cikin ambulan ɗin da ya zo da shi neman aiki. Sau da yawa ya zauna zai rubuta wa Malam wasiƙa, sai ya ce ai bai san adireshi ba, alhali bai taɓa tambayar kowa ba.

Da ciwon ajali ya kama matarsa, wata rana da hantsi yana gyara mata matashi a gadon asibiti, ta riƙe hannun rigarsa ta ce ya nemi mutumin nan ya roƙe shi gafara, ita ba ta son ya je lahira da wannan kaya. Ya ce zai nema. Ta rasu bayan kwana tara, ya yi kukan da 'ya'yansa ba su taɓa gani ba, sannan ya koma aiki bai nemi kowa ba.

Saura wata huɗu ya yi ritaya aka ɗauko wata sabuwar malama, yarinya sa'ar autarsa, kowa na ce mata Dakta. Mai zafin nama ce, tana tafiya kamar an biyo ta. Ita ta tono darasin daga tsofaffin fayiloli, ta yi ta kai gwauro tana kai mari a ofisoshi har aka maido da shi. Ƙugiya ne ya yi mata hoton takardun, yana ganin jimlolin da ya buga da yatsunsa suna fitowa daga inji da ɗuminsu. A mako na bakwai ta sa wani batu mai suna Tambaya ta Huɗu. Ashe labarin bai mutu ba, girma ya yi. A bakin 'yan baya, Malam Wato gwarzo ne da ya dubi gwamnati ido cikin ido ya tambayi abin da kowa ke tsoron tambaya, ya kuma biya da aikinsa. Har takardar jarrabawar Dakta ta samo, ta sa mata gilashi ta rataye a ofishinta.

Wata safiya ta faɗo ɗan ɗakinsa ko sallama ba ta gama ba, ta ce Baba, albishirinka. Ta samo 'yar Malam ta intanet. Malam na da rai, ya haura tamanin, yana zaune a gidan 'yar. Sun shirya ranar darasin za a kira shi ta waya mai hoto, a haska shi a bangon aji ya yi wa ɗalibai magana. Kuma tunda Baba ne kaɗai ya rage a sashen cikin waɗanda suka ga abin da idonsu, tana roƙonsa ya zo ya zauna a gaba.

Ƙugiya ya ce to. Da ta fita, ya zauna a kan kujerarsa, kuma abin mamaki ba tsoro ya ji ba, sauƙi ya ji, irin na wanda aka ce gobe za a cire masa haƙorin da ya daɗe yana hana shi sukuni. Yara sun kama gabansu, aiki ya zo ƙarshe, ba sauran abin da za a ƙwace masa. Ya yanke shawara zai tashi a gaban ɗalibai da Dakta, ya fito da takardar, ya faɗi abin da hannunsa ya yi da abin da bakinsa ya yi, ya ce Malam ya yafe masa. Kwana shida yana maimaita kalmomin a hanya da wurin aiki, yana gyara su kamar shafin da za a kai inji.

Ranar ya sa rigarsa mafi kyau, takardar na aljihun ƙirji. Saura rabin awa a shiga aji, Dakta ta kira shi ofishinta ta miƙa masa waya, ta ce 'yar Malam na son gaishe shi, sannan ta fita duba na'urar haskawa. Muryar babbar mace ya ji, ba ta yarinyar da ya sani tana wasa da murfin tafireta ba. Ta ce masa Kawu, ta tambayi iyali, ta yi masa gaisuwar rashin da ya yi. Sannan ta ce tana son ta ja masa kunne kada ya tsorata, babanta ba yadda ya san shi yake ba. Shekara uku ke nan tunaninsa na zuwa yana tafiya. Yakan ci abinci ya ce ba a ba shi ba, wani lokaci ya kira ta da sunan mahaifiyarta da ta daɗe da rasuwa.

Ta ba shi labarin abin da bai taɓa yarda ya tambaya ba. Da suka koma, ba jami'ar da ta ɗauki Malam, don takardar korar ta riga shi isa ko'ina. Ya koyar a wata sakandare, daga baya ya koma cike wa mutane fom a bakin wani ofis. Littafin da ya fara rubutawa bai kai rabi ba. Ita kuma ta tashi tana jin haushinsa, tana ganin shi ya jefa su a wahala saboda taurin kai, shi kuwa ko sau ɗaya bai kare kansa ba. Sai da ta girma, wani tsohon ɗalibinsa ya ba ta labarin jarumtar mahaifinta, ta zo ta durƙusa ta ba shi haƙuri. Da farko in ta tayar da maganar sai ya kawar, amma tun da ciwon nan ya kama shi, shi da kansa yake ba da labarin, ga jikoki, ga likita, ga duk wanda ya shigo.

"Kawu, komai ya zube masa sai wannan tambayar," ta ce. "Ita kaɗai ce yake ganin ya yi a duniya. Tun da na ce masa za a kira, sau uku yana sa ni in sake goge masa riga."

Ƙugiya ya ce Allah ya ba shi lafiya, ya ajiye wayar a kan tebur a hankali.

Ajin ya cika har da na tsaye. Aka zaunar da shi a kujerar gaba, aka ja labule, sai ga Malam Wato a bango, fuskarsa ta fi ƙofa girma. Ya rame, wuyan rigar ya yi masa yawa, amma a miƙe yake zaune kamar mai jiran a ɗauke shi hoto. Dakta ta gabatar da shi, ɗalibai suka tashi tsaye. Ya fara magana, muryar na rawa, sai dai jimlolin lafiya lau suke fita, ka san an sha faɗarsu. Ya ce a wancan lokaci kowa ya yi gum, shi kuma ya ga bai kamata malamin harshe ya zama bebe ba. Yana cikin haka Dakta ta juya na'urar ta ce ko Malam ya gane wannan.

Tsohon ya matso da fuskarsa, ya ƙanƙance ido. Sai fuskar ta washe gaba ɗaya.

"Wato, abokin aiki! Ga shaidata nan. Tashi ka faɗa musu. Ba kai ka zo ka ce mini, Malam a cire ƙugiyar nan za ta jawo fitina, na ce a bar ta ba? Da hannuna na sa ta. Faɗa musu."

Ƙugiya ya miƙe. Ya ɗaga kai yana binciken wannan babbar fuska, ko zai ga wata alama, ɗan ƙifta ido ko murmushin gefen baki, da za ta nuna Malam na sane, rufa masa asiri yake sake yi kamar wancan karon. Babu. Farin ciki ne zalla irin na yaro. Mutumin da ya ɗora yatsa a kan kalmar, wanda ya san abin da aka yi masa, wanda shi kaɗai ne zai iya cewa na yafe, ya riga ya tafi ba a sani ba, shekara uku da suka wuce ko fiye. Wanda ya rage tsoho ne mai abu ɗaya tak a hannu, da 'yarsa a bayansa tana share hawaye da gefen mayafi. A nan Ƙugiya ya gane ya zo da gaskiyarsa a lokacin da ba wanda za ta amfana sai shi kaɗai.

"Haka aka yi, Malam," ya ce. "Na ce a cire, ka ce a bar ta."

Ajin ya ɗauki tafi. Malam ya yi ta gyaɗa kai yana dariya, sannan ya ɗaga yatsa alamar bai gama ba, aka yi shiru.

"Ku dube shi da kyau, ku yara," ya ce. "Wannan mutum shekara tara yana buga mini takardu. Bai taɓa yi mini kuskure ba, ko na baƙi ɗaya."

Wannan karon shi aka yi wa tafin, har wasu na buga tebur. Dakta ta matso ta riƙe masa hannu tana cewa Baba ka ji, ka ji abin da Malam ya ce. Ya ji. Ya tsaya a wurin hawaye na bin fuskarsa, ɗalibai casa'in da wani abu na kallonsa suna murmushi, kowa na zaton daɗi ne ya yi masa yawa.